Neman shawara: 'yata ta liƙe wa shirin yara matsafa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Jidda nake. 'Yata mai shekara tara ta liƙe wa wani shirin barkwanci na Disney, Wizards of Waverly Place, wanda aka nuna daga 2007 zuwa 2012. Yara uku ne a Niyok, babansu mai shagon sanwici yana koya musu tsafi a ɓoye, a ƙarshe ɗaya kacal zai riƙe ƙarfin. Jiya na tarar da ita a kicin tana nuna wa ƙaninta ludayi tana surkulle, wai za ta mai da shi kyanwa. Babanta ya ce a hana kallon gaba ɗaya. Ni tsorona ta kai wasan makaranta, kun san yadda ake ɗaukar sihiri a ƙasar nan. Ya zan yi?

Wata Hajiya daga Makka:
Wa'alaikumus salam. 'Yata, ki bi maganar maigida. Sihiri na cikin abubuwa bakwai masu halakarwa da Annabi (SAW) ya lissafa. Ga shi mu baƙi ne, kalma ɗaya daga bakin yarinya ta isa a kira ki makaranta.

Maman uku, Riyad:
Anti, na kalli shirin da yarana. Wallahi halin Alex, yarinyar da Selena Gomez ta fito a matsayinta, ya fi damuna: ƙarya, zille wa aiki, mayar wa iyaye magana, sannan a saka dariyar 'yan kallo a kai. Irin wannan halin ne yaro ya fi saurin kwasa. Amma fa kusan duk sanda ta nemi sauƙi da tsafi sai abin ya kwaɓe, ta koma neman yayanta Justin ya fitar da ita. Ki zauna kusa da ita, idan an zo wurin ki tambaye ta, "Me ya jawo mata wannan?" Idan kika hana kawai, a wayar ƙawa za ta ƙarasa.

Wani malamin Islamiyya, Madina:
'Yar'uwa, ki faɗa mata abin da take gani aikin kyamara ne da kwamfuta, sihirin gaske kuwa haramun ne. Ku karanta aya ta 102 ta Baƙara tare, ki karanta mata Falaƙi da Nasi kafin barci. Surkullen dai a tsayar da shi yau.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Malam, yau bayan Isha zan fara. Maman uku, kashi nawa kike barin naki su kalla a mako?