Ganyen turare ya ƙi ruɓewa a ramin taki

Manomin Ringim:
Assalamu alaikum. Ganyen turare da na darbejiya da aka zuba a ramin taki tun Disamba, har bazara yana nan yadda yake, in ka murje shi ƙamshin na tashi. Kuma ana cewa yana hana iri tsirowa. Gaskiya ne? Yaya za a yi da shi?

Malamin Gona, Dambatta:
Wa alaikumus salam. Rashin laima ne, Malam. Ƙamshin nan mai ne da ke ɓoye a cikin ganyen, zafi da iska ke kwashe shi a hankali, amma in ganyen bai farfashe ba yakan daɗe a ciki. Abin da ya fi damun shuka shi ne sinadarai masu bauri, dangin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Waɗannan ruwa ke narkar da su, sannan fumfuna da ƙananan halittun ƙasa su cinye su. To a hunturu laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, fumfuna ba ta aiki, gara kaɗai ke ci. Sai ruwan farko ya wanke baurin gaba ɗaya zuwa cikin ƙasa, daidai lokacin shuka. Ƙananan iri irin tumatir da latas su suka fi jin jiki. Darbejiya ba ta kai turare matsala ba, tana saurin ruɓewa.

Mai Lambu, Haɗejia:
Ɗan'uwa, ka fara daddaka ganyen. Kwando ɗaya na turare, ka haɗa da kwando biyu na wani ganye ko tattakar dabbobi, da ɗaya na kashin awaki ko na shanu. Ka jera hawa-hawa kana yayyafa ruwa. Ma'aunin ruwan a hannunka yake: ka damƙi takin ka matse, ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. Ka rufe da buhu ko ciyawa, a inuwa, ka riƙa juyawa duk mako biyu. Ka soka sanda a tsakiya. In bayan kwana huɗu ka zaro ta da sanyi, ruwa ko kashin dabbobi ya yi kaɗan. Turare yana son wata uku zuwa huɗu.

Baba na Kazaure:
Kada dai ruwan ya yi yawa. Ramin da ruwa ya kwanta a damina iska ba ta shiga, sai ya yi tsami da wari, baurin kuma ya taru maimakon ya ƙare. A damina tsibi a kan tudu ya fi rami. Kafin ka kai gona, ka shuka ƙwayar tumatir 20 a takin da ka gauraya da ƙasa, 20 kuma a ƙasa zalla. In na takin sun yi baya sosai bayan kwana goma, ka juya shi ka ƙara masa wata guda.