Me muke jira daga Fafaroma kan maganar yaranmu?

Maman Bitrus:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ɗana mai shekara 11 ya dame ni yana so ya shiga cikin yaran da ke hidima a bagadi. Da a da ne, guɗa zan yi. Yanzu kuwa sati biyu ke nan ina ce masa bari tukuna, na kuma kasa gaya masa dalili. Fadanmu dai ban taɓa jin wani abu a kansa ba, kada a ɗauke ni wani iri. Amma tun da aka zaɓi Fafaroma Leo na 14 a watan Mayun 2025 nake tambayar kaina, a kan lalata da yara me zai yi wanda na baya ba su yi ba? Don Allah wanda ya ga abu da idonsa ya ba mu labari.

Nas a Dublin:
Yaya, ni ce mai labari. Da na zo Ailan na nemi in riƙa taya yara koyon waƙa a cocinmu. Sai aka miƙo mini takarda, wai sai 'yan sanda sun binciki tarihina, kuma ba a yarda babba ɗaya ya keɓe da yaro. Raina ya ɓaci, na ɗauka don ni baƙa ce. Wata tsohuwa ce ta zaunar da ni ta ce fada ma sai da ya cike irinta. A bakinta na fara jin rahoton Ryan na 2009 kan gidajen renon yara da makarantun da 'yan coci suka riƙe, da rahoton Murphy na wannan shekarar, wanda ya nuna yadda aka riƙa sauya wa limaman da suka yi lalata da yara wurin aiki maimakon a kai su ga hukuma. A Agustan 2018 na je filin Phoenix Park a nan Dublin da Fafaroma Francis ya zo. Ya roƙi gafara, na yi hawaye. Amma filin da mutum sama da miliyan ɗaya suka cika lokacin Fafaroma John Paul na 2 a 1979, ranar nan akwai sarari ko'ina. Tsohuwar nan ba ta je ba. Ta ce ta gaji da ban haƙuri.

Baba Katikis:
'Yata Maman Bitrus, shekara 31 na yi ina aikin katikis kafin ƙafa ta gaza, zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a fili ba. Wata shekara wata gwauruwa ta zo gidana bayan magariba. Ta ce 'yarta da ke zuwa share gidan fada ta daina cin abinci, kuma ta gaya mata wani abu. Kun san abin da na ce mata? Na ce ta yi haƙuri, ta rufa wa ikilisiya asiri, kada waɗanda ba namu ba su yi mana dariya. Na kai maganar sama a asirce, na ga kamar na sauke nauyi. Bayan wata biyu aka ce an tura fadan ƙaro karatu. Har liyafar ban kwana muka yi masa, ni na yi addu'ar buɗe taro. Daga baya na ji yana wani gari yana aikinsa. Matar ta daina zuwa coci, mutane suka ce ta ja da baya. Ba ta ja da baya ba, mu muka kore ta.
Ni a lokacin ban san wata ƙofa ba sai ofishin bishop. In bishop ya yi shiru, magana ta mutu. To abin da nake jira daga Fafaroma ke nan: bishop da ya ɓoye, a sauke shi, a kuma faɗi dalili a fili. Ba a ce ya yi murabus a bar mu muna zato ba.

Yohanna ɗan kwaya:
Baba, Allah ya ba ka lada da wannan gaskiya. Amma a yi wa Francis adalci. Ya kafa hukumar kare yara a 2014, ya tuɓe wa McCarrick na Amurka rigar limanci a 2019 kan laifin lalata duk da ya taɓa zama kadinal, ya fitar da dokar Vos estis lux mundi a watan Mayun shekarar, wadda ta wajabta wa kowane fada da sista kai rahoton irin wannan laifi ga shugabannin coci, ta kuma buɗe hanyar binciken bishop kansa. A Disamba ya ɗage dokar sirrin Vatikan daga irin waɗannan shari'u. Kuma wannan masifa ai tana makarantu, tana cikin gidaje. Me ya sa kullum Katolika?

Nas a Dublin:
Ɗan'uwa, don mu ne muka ce wa yaranmu wannan mutumin uba ne. Kuma hukumar da ka ambata, Marie Collins, 'yar Ailan da wani fada ya ci zarafinta tana yarinya, ta bar ta a 2017 saboda wasu ofisoshin Vatikan sun ƙi ba su haɗin kai.

Malama Rifkatu:
Ni abin Chile ne ya tsaya mini. A Janairun 2018 ina jin rediyo a kicin aka ce Francis ya kare Bishop Barros, ya kira zargin da ake masa na rufa wa wani fada mai lalata da yara asiri ƙage. Na ajiye ludayi na zauna. Daga baya ya tura Akbishop Scicluna ya bincika, ya amsa cewa ya yi babban kuskure, ya gayyaci waɗanda aka ci zarafinsu ya ba su haƙuri, bishop-bishop na ƙasar suka miƙa takardar murabus baki ɗaya. Na yaba. Sai dai waɗannan mutane sun samu 'yan jarida da suka tsaya musu shekara da shekaru. Gwauruwar da Baba ya ba mu labari wa ta samu? Shi ya sa maganar Sista Veronica Openibo, 'yar Najeriya, a taron Vatikan na Fabrairun 2019 ta yi mini daɗi. A gaban manyan bishop-bishop na duniya ta ƙaryata masu cewa wannan matsalar Turai da Amurka ce, ba ta Afirka ba. A taron zumuntar mata na kawo maganar, wata ta ce in bar kaza cikin gashinta.

Yohanna ɗan kwaya:
Leo ya daɗe a Peru, ya yi bishop a Chiclayo, ya san ƙasar da talaka ke tsoron kai ƙarar babba. Ina sa rai.

Baba Katikis:
Ɗana, mu ma mun sa rai a 2013 da aka zaɓi Francis. Ba na hana ka. Amma dokar da ka karanto mana, bishop ne ke binciken ɗan'uwansa bishop, kuma ba ta tilasta kai magana ga 'yan sanda sai inda dokar ƙasa ta ce haka. Da yau ne matar nan ta zo mini, ni da kaina zan raka ta ofishin 'yan sanda, sannan mu je wa bishop.

Maman Bitrus:
Na gode muku duka. Yohanna, na duba dokar nan, ashe ta ce zuwa Yunin 2020 kowace dayosis ta samar da wurin kai ƙorafi da kowa zai iya kaiwa gare shi. Jiya bayan Misa na tambayi sakataren cocinmu ina namu yake. Ya dube ni ya ce, "Mama, wani abu ya faru ne?" Na ce babu, so nake in sani tun bai faru ba. Ya ce zai tambaya. Na kuma samu fada da kansa. Bai ji haushi ba, ya ma yarda iyaye biyu su riƙa zama duk ranar da yara ke koyon hidima, a kuma bar ƙofar ɗakin sa tufafi a buɗe. Bitrus zai fara Asabar, ni ce ta farko a jerin masu zama. Lambar da zan kira in wani abu ya taso ce har yanzu ban samu ba. Akwai wanda aka liƙa ta a allon sanarwar cocinsu?