Haɗa sabuwar taya da tsohuwa a mota mai ja da ƙafa huɗu

Da aka zauna da bakanikai da direbobi kan wannan batu, bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: taya da ta ci hanya ta fi sabuwa ƙanƙanta, don haka ta fi ta saurin juyawa. Zurfin zanen sabuwa kan kai kusan milimita 8, wadda ta sha kwalta kuwa ta sauko zuwa 3. A motar da ke ja da ƙafa huɗu kullum, irin su Prado, wannan bambanci na wahalar da giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, ta riƙa zafi tana cinyewa. Gyaranta kuwa ya fi kuɗin taya nesa ba kusa ba.

Masu Hilux sun ce su da sauƙi, tun da tasu ba kullum take ja da ƙafa huɗu ba, muddin ba a sa 4H, wato giyar da ke sa ƙafa huɗun su ja tare, a kan busasshiyar kwalta ba.

Shawarar da ta fi rinjaye: a canza huɗun gaba ɗaya. In aljihu bai kai ba, a sayi biyu iri ɗaya, a ɗaura su a baya, duk da cewa hakan bai kawar da bambancin ba. Wasu sun so gaba, amma ni ina tare da masu baya, saboda santsin damina.