Fizibil ɗin da ba ya ƙonewa, wane suna za mu ba shi?

Mai koyar da yara haɗa lantarki a Zangon Damagaram: Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙaramin allon haɗa lantarki da ake kira Arduino Uno yana da wani ɗan abu kusa da bakin USB, idan wuta ta wuce 500 mA (ma'aunin yawan wutar da ke bi) sai ya tare ta. Ka zare waya, ya huce, ya koma aiki. Turawa na ce masa PPTC. Yara sun tambaye ni sunansa da Hausa, na yi shiru.

Mai gyaran rediyo a kasuwar Dole: Malam, ai fizibil ne, abin nan da ke yanke wuta in ta yi yawa. Ko ka ce dijonkta, shi ke nan.

Mai koyarwa: Baba, fizibil in ya ƙone sai shara. Dijonkta kuma sai an ɗaga shi da hannu. Wannan shi kaɗai yake tashi.

Ɗaliba daga jami'a: Ni na so a ce "katse-wuta", amma na janye, domin ba ya katsewa. Roba ce aka cakuɗa da garin baƙin gawayi. Wuta in ta yi yawa robar ta yi zafi ta kumbura, ƙwayoyin gawayin su rabu da juna, hanya ta ƙuntata. Amma ƴar wuta kaɗan tana ci gaba da bi, ita ce ma take riƙe shi da zafi har a cire batir.

Mai gyaran rediyo: To ƴata, abin da kika faɗa suma ce. Wanda ya suma bai mutu ba, yana numfashi sama-sama, a yi masa fifita ya farfaɗo.

Ɗaliba: Wallahi Baba ka kama shi! Har jirin bayan suma yana yi: in ya farfaɗo turjiyarsa ga wuta ba ta komawa daidai nan take, sai ya jima.

Mai koyarwa: Kuma zafin Afrilu na sumar da shi da wuri. Adadin wutar da aka rubuta a jikinsa an auna shi ne a wajen digiri 20 zuwa 25, mu kuwa nan muna haura 40, don haka nake sa yara su ɗauki wanda ya ɗan fi buƙatarsu. A littafinsu zan rubuta "fizibil mai farfaɗowa".

Mai gyaran rediyo: Rubuta abinka, Malam. Ni a rumfata "mai suma" zan ce, ya fi sauƙin kira in ana ciniki.