Zafin zama a kan keke ga mai lalurar laka: daga ina ake fara gyara?

Baban Ummi, Rigasa

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce a kan matashi ɗan shekara 27 da lakarsa ta taɓu a gaɓar ƙashin baya da ake kira T10, yau shekara biyu. Hannayensa lafiya lau, daga cibiya zuwa ƙasa ne babu motsi, ji kuma kaɗan-kaɗan. Da ya yi awa ɗaya a kan keke sai mazaunai da cinyoyi su ɗauki zafi kamar an zuba barkono, dole a maida shi gado. Keken irin mai naɗewar nan ne na asibiti, an ɗora masa filo. Diclofenac ba ya yi masa komai. Wasu sun ce a hura tub na taya ya riƙa zama a kai. Masana, mene ne abin yi?

Mai gashin ƙashi, Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam Baban Ummi, Allah ya ba shi lafiya. Tub ɗin nan kada a kuskura. Zobensa yana matse naman da ke kewaye da ƙashi, ya hana jini shiga tsakiya, wurin da ake son karewa shi ne zai fara mutuwa. Filo ma ba kushin ba ne, minti goma ya lafe.

Kafin maganar magani, a rarrabe zafin. A kwantar da shi rubda ciki ko a gefe na rabin awa. In zafin ya sauka, daga zaman ne, keke da kushin za a gyara. In yana nan yadda yake, ƙuna ko tartsatsi kamar wutar lantarki, har cikin dare, to na jijiya ne, maganinsa daban. Da yawa suna da duka biyun, kuma mummunan zama yana tayar da na jijiyar.

Wannan keken an yi shi ne don tura majinyaci daga ɗaki zuwa ɗaki, ba don wuni ba. Ledar wurin zamansa tana lotsawa a tsakiya, gwiwoyi su haɗe, ƙugu ya karkace, nauyi ya tare a ƙashin mazauni ɗaya. Ledar jingina ita ma ta saki, sai mutum ya zame gaba ya koma zama a kan ƙashin ƙarshen gadon baya. Zamewar nan ta fi matsi illa, domin fata tana manne da kushin, ƙashi yana ja ta ciki, ƙananan hanyoyin jini su tsinke.

A zaunar da shi, mazaunai su kai har bayan kujera, sannan a duba. Tsakanin bayan gwiwa da bakin kujera yatsu biyu zuwa uku su shiga. In kujerar tana taɓa bayan gwiwa ta yi masa tsawo, zamewa zai yi ta yi. A kowane gefen ƙugu tafin hannu ya shige a miƙe, kada ya wuce haka. Sai matakin ƙafa, wanda a nan aka fi yin kuskure. In ya yi sama, cinyoyi suna tashi daga kushin, nauyin da ya kamata su ɗauka ya koma kan ƙasusuwa biyu da ba su fi ƙwan kaza ba. A sauke shi har cinya ta kwanta a kan kushin tun daga tushe zuwa kusa da gwiwa, tafin ƙafa ya dafe sosai, amma a bar kamar santimita 5 tsakanin matakin da ƙasa saboda duwatsu.

Sauke nauyi kuwa kowane minti 15 zuwa 30 ne. Ɗaga jiki da hannuwa na daƙiƙa goma da aka saba koyarwa bai isa ba, nama yana bukatar kusan minti biyu kafin jini ya koma masa, ga shi yana cinye kafaɗa, wadda ita ce ƙafar mai keke. Ya ja birki, ƙananan tayoyin gaba su fuskanci gaba don kada keken ya kife, ya sunkuya ƙirji ya nufi gwiwa, ko ya kifa a kan tebur, minti biyu cur. Ko ya karkata dama minti biyu, hagu minti biyu, har hannu ya iya shiga ƙarƙashin mazaunin da ya tashi. A saita ƙararrawar waya, don zafin ba ya zuwa sai an makara.

Kafinta mai kushin, Panteka

Malam ya gama maganar ma'auni, bari in ƙara ta wajen kayan aiki. A yanka katako marar kauri daidai faɗin kujerar, a goge gefensa, a ɗora a kan ƙarafan gefe don lotsawar ta ƙare. Amma katako ba tare da kushin na kirki ba ya fi ledar muni, a kula.

Kushin na soso hawa biyu ake yi, kaurinsa gaba ɗaya kamar inci 4. Na ƙasa soso mai tauri ne, irin guntayen nan da aka matse, inci 2. A ɓangarensa na baya ake fafe rami daidai inda ƙasusuwan mazaunai suke sauka, a daddatse bakin ramin ya zama gangare, gaban kuma a bar shi da tudu ya tallafi cinya ya hana zamewa. Sai a manna soso mai laushi amma mai nauyi inci 2 a sama. Soson katifa mai araha ba ya yi, wata biyu ya zama tabarma. Rigar kushin ta zama yadi mai miƙewa, kada a ɗaure ta tamau, in ba haka ba ta hana mutum nutsewa cikin ramin. In fitsari yana zuba, a sa leda mai laushi a ciki, yadin a waje.

Gwajinsa da hannu ne. Yana zaune, ka zura hannu ta baya, tafi yana kallon sama, yatsu a ƙarƙashin ƙashin. In yatsun suna motsi sama da ƙasa, lafiya. In ba sa motsi amma suna zarewa da sauƙi, gargaɗi ne, a ƙara zurfin ramin. In sun matse da ƙyar ka zare su, kada ya ƙara zama a kai. A riƙa wannan gwajin duk wata, domin soso yakan mutu tsakanin wata 6 da shekara.

Kushin na iska irin Roho ya fi rarraba nauyi, sai dai tsada, kuma mutane suna ɓata shi da yawan hurawa. Ba ƙwallo ba ne. Mutum nutsewa yake yi a ciki, a rage iska har ya rage rabin inci zuwa inci ɗaya tsakanin ƙashi da gindin kushin. A taɓa shi kowace safiya, a ajiye faci da famfo kusa, domin in ya sace ba a sani ba, a kan katako yake zaune. Kuma ko wane iri ne, ya bi shi cikin Keke Napep da mota, har kan tabarma in zai zauna a ƙasa. Tafiya daga Rigasa zuwa Kawo a kan kujerar da ba kushin ta isa ta jawo gyambo.

Ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada

Sannunku. Baban Ummi, yau ɗin nan a fara duba fatarsa. Littattafai suna cewa a nemi ja, mu kuwa baƙar fata ba ta nuna ja. Abin nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko yake sheƙi, ko ya fi ɗumi ko tauri in an taɓa. Safe da dare, da madubi ko hoton waya. In alamar ba ta ɓace ba rabin awa bayan ya sauka daga keke, zama ya tsaya sai ta washe. Kada a murza wurin, kada a yi masa gashi da ruwan zafi ko a shafa man zafi, fatar da ba ta ji tana ƙonewa ba a sani ba. A zafin Maris da Afrilu gumi yana jiƙa fata ta yi saurin salewa, a sauya wando da ya jiƙe. Ninkin riga, ɗinki mai kauri, carbi ko makulli a aljihu, duk suna yin rauni.

Shan diclofenac kullum a daina, yana cin ciki da ƙoda, masu lalurar laka kuwa dama ƙodarsu abin lallaɓawa ce. Zafin jijiya magungunansa pregabalin ne ko gabapentin ko amitriptyline, likita ke rubutawa. Pregabalin akan fara da miligiram 75 sau biyu a rana, amitriptyline 10 zuwa 25 da dare, ana ƙarawa a hankali. Sai an yi makonni ake ganin aikinsu, rage zafin suke yi ba kashe shi ba, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Amitriptyline yana ƙara taurin bayan gida da riƙe fitsari. Tramadol na kemis dai kun san inda yake kai matasa.

In zafi ya ƙaru kwatsam, a duba fitsari ko ya yi kauri da wari, robar fitsari ko ta toshe, kwana nawa bai yi bayan gida ba, da farcen ƙafa ko ya shige nama. Zafin da yake hawa sama da inda ji ya tsaya, ko hannu ya fara rauni, ko ƙugu ya kumbura ya ƙage, na ɗaukar hoto ne, a nufi asibitin Barau Dikko ko na Shika ko asibitin ƙashi na Dala. Masu raunin laka daga gaɓar T6, wato saitin ƙirji, zuwa sama kuma, in matsanancin ciwon kai ya zo da gumi a fuska da toshewar hanci, jini ne ya hau: a tayar da su zaune, baya a miƙe, a sassauta tufafi, a duba robar fitsari, in bai sauka nan take ba a garzaya asibiti.

Baban Ummi, Rigasa

Allah ya saka da alheri. In an gyara kushin, zai iya wuni a kai tun ranar farko?

Mai gashin ƙashi, Unguwar Rimi

A'a. Rabin awa zuwa awa ɗaya ranar farko, a sauke shi a duba fata. In babu alama, a riƙa ƙara rabin awa kowace rana. Bayan azahar ya kwanta rubda ciki na minti 20 zuwa 30, filo a ƙarƙashin ƙirji da cinyoyi da ƙwauri, gwiwoyi da yatsun ƙafa suna rataye ba sa taɓa katifa. Wannan yana miƙar da ƙugun da zama ya tanƙware.