Atiriyom: ɗaki ne ko zaure?

Jama'a, mu tsaya a kan wannan kalma, atiriyom, sunan da likitoci suke kiran kowane ɗaya daga ɗakunan saman zuciya. Duk inda aka yi bayanin zuciya da Hausa sai a ce tana da "ɗakuna huɗu", na sama biyu, na ƙasa biyu. Ba ƙarya ba ne, amma "ɗakin sama na dama" bai gaya wa kowa aikin wurin ba.

A Latin, atiriyom shi ne farfajiyar da mai shiga gida yake fara tararwa. Ashe muna da kalmar a hannu: zaure. Jinin da jiki ya gama shanye iskarsa yana dawowa ta manyan jijiyoyi biyu, ta sama da ta ƙasa, da wata ƙarama mai kwaso jinin tsokar zuciyar kanta. Dukkansu a zauren dama suke sallama. Jinin ba ya kwana, wucewa yake ta ƙofa mai ƙyaure uku zuwa ɗaki, ɗakin kuma ya tura shi huhu. Saboda haka na sama zaure, na ƙasa ɗaki. Damar kuma ta mai zuciyar ce, ba ta mai kallo ba.

Wani ɗan'uwa ya ce a kira jikin zauren katanga. Malam, ban yarda ba. Katanga gida take zagayewa, zaure bango gare shi. Kuma kauri ne yake zuwa wa mutum a rai idan an ce katanga, alhali wannan bango bai wuce kamar milimita 2 ba. Shi ya sa likita mai dasa wayar na'urar daidaita bugun zuciya yake bi a hankali, don waya tana iya huda shi.

Cikin bangon zauren dama fuska biyu ne. Bayansa sumul yake, gabansa kuwa layi-layi ne na tsoka a jere. Sunansu na Latin daga mataji ya samo asali, don haka "tsokar mataji" ta zauna ba gardama. Abin da ya ba ni wuya shi ne tudun tsokar da ya raba fuskokin biyu. Na so in ce "kunya", irin ta gona, sai na tuna majiyyaci zai ji ana cewa an ga kunya a zuciyarsa. Na koma "tudun iyaka".

Wannan tudu ya cancanci suna mai kyau. A samansa, kusa da bakin jijiyar sama, maƙunnin bugun zuciya yake, wanda masana Keith da Flack suka gano a 1907. Bugun da ke rikicewa ya yi sauri ma sau da yawa daga gefensa yake tasowa. Idan kuma ya yi tudu sosai, a hoton sikanin yakan yi kama da ƙari ko gudan jini, a tayar wa mutum da hankali a banza.

Saura bangon da ke tsakanin zaurukan biyu. Akwai ɗan lotsawa a jikinsa, gurbin tagar da jini yake bi lokacin da jariri yana ciki, huhunsa bai fara aiki ba. Bayan haihuwa takan rufe, amma wajen mutum 1 cikin 4 ba ta liƙe gaba ɗaya. Na sa masa "gurbin taga". Likita ya ce wa uwa, "Hajiya, tagar da ke tsakanin zaurukan zuciyar yaron ce ba ta gama rufewa ba," ta gane ba sai an zana mata ba.