Takin da nake haɗawa a gida ya fara wari, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum. Ina zaune a Pantami, cikin Gombe. Ina da ɗan lambu a bayan ɗaki, alayyahu da tumatir da zogale. Da maigida ya ga buhun takin zamani ya fi ƙarfinmu, sai ya kawo min ganga ta roba mai murfi, ya ce in riƙa tara taki. Wallahi na ji daɗinta fiye da atamfa, don ya lura da abin da nake so.

To yau sati uku ina zuba ɓawon doya, ɓawon ƙwai, kashin kaji da ragowar tuwo. Yanzu da na ɗaga murfi sai wari ya buge ni. Ƙasan ya caɓe, baƙin ruwa ya taru, ga tsutsotsi farare. Maƙwabciyata har ta yi magana a kan ƙudaje.

Shin rashin huda gangar ne, iska ba ta shiga? In ƙara busasshen ganye ko buntun shinkafa? Tuwon ne matsalar? Kwana nawa-nawa ake juyawa yanzu da damina?

Ba na son in zubar, kada maigida ya ga kamar ban daraja kyautarsa ba. Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka min.